An gyara filasta ta sake zubowa: siminti ne ya yi kaɗan, ko ruwa ne ba a tare ba?

Uwar Gida:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar gini ku ba ni shawara kafin in sake zuba kuɗi. Bangon falona ta ƙasa filastar ta kumbura tana ɓamɓarewa, fentin ya yi ƙuraje, ga wani farin abu kamar gishiri da ke fitowa, a share yau, kwana biyu ya dawo. Bara aka kankare wurin aka sake shafe aka yi fenti, damina ba ta ƙare ba ya koma yadda yake, har ma ya ƙara hawa sama. Yanzu maginin ya ce wancan karon siminti ne ya yi kaɗan, wannan karon zai yi kwaɓi mai ƙarfi, awo ɗaya na siminti biyu na yashi, ya zuba maganin hana ruwa a ciki. Hankalina bai kwanta ba. Ban da wannan akwai tsaga da ta taso daga kusurwar taga, sannan silin ɗin ɗakin yara ya yi jirwaye ya ɗan sauko. Ta ina zan fara?

Mai Bulo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni dai maganar magininki ta yi min daidai. Yawancin filastar da kike gani tana zubowa ƙarancin siminti ne, ba wani abu ba. Ranar kwaɓi ki tsaya a kansu da kanki ki ga abin da aka zuba. In siminti ya ji, bango ba ya magana.

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kar ki bari a taɓa bangon nan tukuna. Ki duba min abu huɗu. Ina ɓarnar ta tsaya in an auna daga daɓe? Mene ne a bayan bangon, banɗaki ne ko waje? In waje ne, ƙasar wajen ta kai tsayin daɓen falon ko tana ƙasa da shi? Sannan ki ɗauki ƙotar cokali ko mukulli ki bi bangon kina ƙwanƙwasawa. Inda filasta ta kama za ki ji ƙas-ƙas, inda ta rabu da bulo za ki ji holoƙo. Ki zagaye wurin holoƙon da fensir.

Uwar Gida:
Baba, na duba. Ta ɗan wuce gwiwa, kuma layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana hawa yana sauka. Bayan bangon waje ne. Akwai wurin fulawa da aka gina jingine da shi, ana ba su ruwa kullum. Tsakar gidan kuma an yi mata daɓen kankare bayan mun tare, yanzu kusan daidai take da daɓen falo. Ruwan kwano ma a gindin bangon yake zuba. Holoƙon ya wuce inda ido ke ganin ɓarna da kamar taƙi ɗaya.

Injiniya:
To Hajiya, da bakinki kin faɗi ciwon. Laima ce ke hawowa daga ƙasa. Bulo da kwaɓin da ke tsakaninsa cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, su ne ke jan ruwa sama. Da wuya irin wannan laima ta wuce mita ɗaya da kaɗan, shi ya sa Baba ya tambayi tsayinta. Don hana wannan ake shimfiɗa leda ko kwalta a kan harsashi kafin a ɗora bulo, wato DPC, kuma ƙa'ida ita ce ya zauna aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Da aka ɗaga tsakar gida aka gina wurin fulawa a jikin bango, ruwa ya samu hanyar tsallake shi.

Farin abin nan kuwa kanwa ce, gishirin da ruwan ya narko daga ƙasa da jikin bulo. Ruwa na isa fuskar bango sai ya bi iska ya bar gishirin. Wanda ya fito fili shi kike sharewa, ba shi da wata illa sosai. Mai ɓarnar shi ne wanda ke daskarewa a bayan filasta, yana girma a cikin ƙofofin nan yana tura ta waje har ta saki. In aka yi kwaɓin 1 da 2 da maganin hana ruwa ba a tare ruwan ba, an toshe masa mafita ne kawai ta ƙasa. Zai ƙara hawa ya ɓullo saman sabon shafen. Abin da ya faru bara ke nan da kika ga ɓarnar ta matsa sama.

Sabon Maigida:
Ni da na samu irin wannan tayil na sa aka manna tun daga ƙasa har ƙugu. Shekara guda ke nan ban sake ganin komai ba. Hajiya ki yi haka ki huta.

Tsohon Magini:
Ɗana, je ka dubi fentin da ke saman layin tayil ɗin, ka kuma zagaya ɗaya gefen bangon ka duba. In duka biyun lafiya suke, to Alhamdu lillahi, wataƙila naka ruwan dama ya tsaya. Amma na sha cire tayil in tarar da bulon bayansa ya jiƙe sharkaf, ina sa yatsa yana marmashewa. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Sabon Maigida:
Ɗaya gefen sito ne, akwai kaya a jingine. Zan janye in gani.

Tsohon Magini:
Hajiya, ga yadda zan yi in ni aka kira. Aikin farko a waje yake, ba a falo ba. A rushe wurin fulawar nan ko a matsar da shi nesa da bango. A sare kankaren da ke jikin bangon a sauke ƙasar ta koma ƙasa da daɓen ciki, a yi mata gangare yadda ruwa zai gudu daga gini ba ya kwanta a gindinsa ba. A sa wa kwano indararo da bututun da zai kai ruwan kwata. In ba a yi wannan ba, kar ma a sayi siminti.

Sai a dawo ciki. A sare duk inda ya yi holoƙo har a ga bulo, a ƙara kamar santimita 30 sama da inda laimar ta tsaya, domin gishiri ya riga ya shiga wurin ko da ido bai gani ba. Bakin inda aka sare a yanke shi a tsaye, kar a bar shi ya tafi siriri yana ƙarewa kamar bakin wuƙa, domin nan ne sabon shafe ke fara ɓallewa. Daga nan a bar bangon tsirara ya sha iska. Wannan ne mutane ba sa so, don falo zai yi muni na wasu makonni, amma babu makawa. Kanwa za ta riƙa fitowa, a riƙa goge ta da busasshen buroshin waya ana kwashewa daga ƙasa. Kar a wanke da ruwa, in an wanke narkewa take yi ta koma cikin bulo.

In ya bushe, kanwar ta daina fitowa, sai a kakkaɓe ƙura tas. A jiƙa bangon tun jajiberin aiki, a sake yayyafa masa da safe, ya zama da danshi amma ba ya ɗiga. Busasshen bulo yana zuƙe ruwan kwaɓi kafin siminti ya yi aikinsa, sai ka ga shafe ya tsaya a jiki amma bai kama ba. Sannan a dama siminti da yashi mai kaushi, ɗaya da ɗaya ko ɗaya da biyu, ruwa-ruwa, a watsa da cokali ya yi ƙuraje a jikin bulo, kar a goge. A bar shi kwana ɗaya zuwa biyu ana yayyafa ruwa. Shi ne haƙoran da shafe zai kama. A nan kaɗai kwaɓi mai ƙarfi yake da amfani.

Shafen kansa awo ɗaya na siminti, biyar na yashi, a auna da kwanon sarki ɗaya ba da shebur ba. Kaurinsa milimita 12 zuwa 15. In ramin ya fi haka zurfi a yi shi hawa biyu: a yi na farko, a kakkarce fuskarsa da ƙusa tun yana ɗanye, ya kwana ya ƙanƙame, sannan a ɗora na biyu. A ja da miƙaƙƙen katako ana dogara shi a kan tsohuwar filasta ta gefe da gefe. Ta ƙasa kuma kar shafen ya taɓa daɓe, a bar ɗan tazara kamar faɗin yatsa, tayil ɗin gindin bango zai rufe. Sai ban ruwa, safe da yamma, kwana bakwai.

Uwar Gida:
Allah ya saka da alheri, Baba. To maganin hana ruwan fa, a bar shi gaba ɗaya?

Injiniya:
Ba laifi ba ne a sa, in an riga an tare ruwan, yana taimakawa wajen hana ragowar gishiri ratsowa. A bi adadin da aka rubuta a jikin robar, kar a ƙara. Abu ɗaya zan ɗora a kan maganar Baba: in an gyara waje, an jira, bangon ya ƙi bushewa, to ko dai bututu ne ya fashe a ciki ko a ƙarƙashin daɓe, ko kuma tun farko ba a sa DPC ba. Na biyun yana da magani, ana huda bango a jere a ɗura sinadarin da ke hana ruwa hawa, ko a yanka gaɓa-gaɓa a cusa leda, amma aikin gwani ne, ba na kowane lebura ba.

Mai Bulo:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganar ruwa na yarda. Amma 1 da 5 ɗin nan ban gamsu ba. Ta yaya abu mai ƙarancin siminti zai fi mai yawa daɗewa? Mu a wurin bulo, mai siminti da yawa shi ne mai ƙarfi, kowa ya sani.

Injiniya:
Malam, a bulo gaskiyarka ce, don bulo nauyi yake ɗauka. Filasta ba ta ɗaukar nauyi, aikinta ta manne ta zauna. Siminti in yana bushewa tsukewa yake yi, yashi kuwa ba ya tsukewa. Duk yadda ka ƙara siminti da ruwa a kwaɓi, haka tsukewar ke ƙaruwa. Bangon da ke baya ya riga ya gama tasa tun tuni, ba zai motsa ba, don haka shafen ko ya yi ƙananan tsage-tsage a fuska, ko ya fizge kansa daga bango, wani lokaci har da fatar bulon. Shi ya sa ƙa'idar shafe ita ce kar ya fi abin da aka shafa a kai ƙarfi, kuma in hawa biyu ne, na sama kar ya fi na ƙasa ƙarfi.

Akwai hanyar da kowa zai iya gane abin da ya kayar da filastarsa. Ɗauki ɓallin da ya faɗo ka juya bayansa. In ka ga bayan sumul, babu komai a jiki, to tun farko bai kama ba: ƙura ce, ko busasshen bango, ko a kan fenti aka shafa. In ka ga ɓarɓashin bulo manne a bayansa, shi kuma ɓallin da ƙyar kake karya shi, to shafen ya fi bulon ƙarfi, ko kanwa ta cinye fuskar bulon. In kuwa ka murza shi a hannu ya koma yashi, nan ne maganarka ta tabbata.

Mai Bulo:
To ai na ukun nan shi na fi gani. In ka shiga gida goma, a bakwai za ka goga yatsa a bango yashi ya zubo.

Tsohon Magini:
Akwai shi da yawa, ban musa ba. Wanda ya yi 1 da 10 ya cuci mai gida. Amma ko shi ba kullum ne ƙarancin siminti ba. Na ga an yi 1 da 4 cif ya marmashe, saboda ba a ba shi ruwa ba, rana da iska suka busar da shi a yini ɗaya. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, in ruwan ya gudu da wuri aikin ya tsaya a nan. Na ga wanda aka yi da buhun da ya sha sanyi ya yi dunƙule-dunƙule, aka farfasa aka tankaɗe. Na ga kwaɓin da aka bari aka tafi hutu, aka dawo ya fara daskarewa, aka ƙara ruwa aka sake juyawa. Wannan ya mutu, ko nawa aka zuba siminti a ciki. A kwaɓa iya wanda za a shafe cikin sa'a ɗaya.

Malama:
Baba, yashi fa? An kawo mana wani mai laushi sosai, maginin yana ta yabonsa wai ya fi daɗin cokali.

Tsohon Magini:
Daɗin cokalin nan sau da yawa laka ce a ciki, 'yata. Yana shafuwa lumui, bayan mako ya tsattsage.

Injiniya:
Malama, ki gwada da kanki. Ki sami kwalba mai haske, ki zuba yashin zuwa rabi, ki cika da ruwa da ɗan gishiri, ki girgiza sosai ki ajiye ta kwana. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta kwanta a kansa daban, za ki ga layin da idonki. Ki auna da rula. In kaurin lakar ya wuce kashi 8 cikin 100 na kaurin yashin, kar a yi shafe da shi sai an wanke ko an canja.

Mai Bulo:
Wannan gwajin zan yi shi a wurina ma. Amma a bangon waje da ruwa ke duka ni dai 1 da 4 zan ci gaba da yi.

Injiniya:
1 da 4 a waje a kan bulo mai ƙarfi babu wanda zai yi maka gardama. 1 da 2 ne muke hanawa.

Uwar Gida:
Na fahimta. Saura tsagar taga. Daga kusurwar sama ta taso ta yi gicciye zuwa silin. Farce yana shiga, amma mukulli ba ya shiga.

Injiniya:
Kusurwar taga da ƙofa nan ne bango ya fi rauni, don haka nan tsaga ke fara fitowa. Abin da za a sani shi ne ta tsaya ko tana tafiya. Ki ja layi da fensir a ƙarshenta ki rubuta kwanan wata, ki auna faɗinta a wuri biyu ki rubuta a gefe. Ki riƙa dubawa tsawon watanni, har ya haɗa da lokacin ruwa da na rani. Masu binciken gini a Birtaniya sun kasa tsaga bisa faɗi: har zuwa milimita 5 yawanci matsalar kyan gani ce, 5 zuwa 15 tana buƙatar gyara na sosai, 15 zuwa 25 babba ce, abin da ya wuce 25 kuwa ginin kansa yana cikin haɗari. Taki bisa kwatancenki ƙarama ce. Amma faɗi ba shi kaɗai ake dubawa ba. In tsagar ta ratsa har ɗaya gefen bangon, ko ta fi faɗi a sama a kan ƙasa, ko taga da ƙofa sun fara cijewa, ko ta wuce layin fensir, a kira injiniya ya zo ya gani da ido. Tun da ruwa ya daɗe yana kwanciya a gindin ginin, ni zan so a sa mata ido sosai.

Tsohon Magini:
In ta tsaya, gyaranta ba wuya. Kar dai a shafa siminti a kanta haka nan, zai fito. A buɗe ta da ƙarfe ta yi faɗi, a kakkaɓe, a jiƙa, a cusa kwaɓi ya shiga ciki. In mai taurin kai ce, a sare filasta santimita 15 kowane gefe, a kafa ragar waya ko ta fiba ta haye tsagar, a shafe a kai. Haka ake yi wa miƙaƙƙiyar tsagar nan da ke bin gefen fila ko ƙarƙashin bim, inda kankare ya haɗu da bulo. Su biyun ba tare suke motsi da zafi da sanyi ba, in babu raga sai ta dawo.

Ɗan Haya:
Ni wani ya koya min dabara, in za ka toshe tsaga ka haɗa siminti da garin POP, nan take yake kamawa.

Mai Silin:
Ɗan'uwa, don Allah ka daina. Kamawa kam yana kamawa, amma POP jifsam ne, shi da siminti ba sa zama lafiya in akwai danshi. Sinadarin da ke cikin jifsam yana haɗuwa da na siminti ya haifar da wani abu mai kumbura, bayan watanni wurin ya tashi ya farfashe. Shi POP ɗin ma a karan kansa ba ya son ruwa, laushi yake yi. A cikin ɗaki busasshe ka toshe ƙaramar tsaga da shi zalla, babu laifi. A waje, ko banɗaki, ko bangon Hajiya mai laima, sam.

Hajiya, silin ɗinki wane iri ne?

Uwar Gida:
POP ne, na allo da aka ɗaure da sukurori. Kwano ne a sama.

Mai Silin:
Farko ki fitar da yaran daga ɗakin yau ɗin nan, ki kashe wutar ɗakin daga makashinta, don waya a cikin silin take bi. Allon jifsam in ya sha ruwa nauyi yake ƙarawa, sukurorin su zame ta cikinsa, kuma ba ya gargaɗi kafin ya rufto. In ya yi ciki kamar ruwa ya taru, a ajiye bokiti a huda tsakiyar da ƙusa ya tsiyaye.

Sai a hau a nemo yoyon. Ba lallai ya kasance daidai saman jirwayen ba, ruwa yana bin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. A duba ramukan ƙusa, mahaɗar kwano, inda kwano ya haɗu da bango, da bututun tanki ko na na'urar sanyaya ɗaki in sun bi ta nan. Lokacin da ake ruwa ya fi sauƙin gani, da tocila. Bayan an toshe ya bushe, a danna allon da yatsa. In ya yi laushi ko ya lanƙwashe, ba ya komawa, a yanke shi murabba'i har zuwa kan katako ko ƙarfen da ke riƙe da shi, a duba katakon bai ruɓe ba, a sa sabon allo mai kauri ɗaya. Mahaɗar a manna mata tef na raga, a shafa mata kwaɓin cike mahaɗa sirara-sirara sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, a goge da samfefa. In kuwa da ƙarfinsa, jirwaye ne kawai, ba sai an yanka ba.

Mai Fenti:
Amma kar a shafa fentin ruwa kai tsaye a kan jirwayen, ko sau nawa aka shafa zai ratso. A fara rufe shi da share fage na mai, wato shafin farko da ake yi kafin ainihin fenti, ya bushe, sannan fenti.

Ɗan Haya:
To ni nawa dekin ne. Wani ɓalli ya faɗo daga silin ɗin kicin, ina ganin rodi a ciki ya yi ja. Maigidan ya ce zai turo a shafe.

Injiniya:
Wannan ya wuce maganar filasta, ka gaya wa maigidan haka. Ruwa ya isa ga rodi, ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa, ita ce ta turo kankaren. In aka shafe a kai, tsatsar tana ci gaba a ciki. Sai an ƙwanƙwasa dekin ɗin duka an sauke duk inda ya saki, an sare har bayan rodin da gaba da baya zuwa inda ƙarfe yake da lafiya, an goge shi ya yi haske, sannan a cike da kwaɓin gyara na musamman mai ɗauke da gam irin SBR, ya rufe rodin da aƙalla milimita 20. Ba farin gam na kafinta ba, shi yana narkewa in ya ji danshi. A kuma hau sama a ga inda ruwa ke kwanciya, ko banɗakin da ke kai. In rodin ya sirance sosai, ko dekin ya yi ciki, ko wuraren suna da yawa, a tokare shi a kira injiniya kafin kowa ya ɗaga guduma. Kafin nan kar ka tsaya a ƙarƙashin wurin.

Malama:
Injiniya, tsohon gidanmu silin ɗinsa na asbestos ne, wasu sun fashe. Ƙanena na son ya goge da samfefa ya yi fenti.

Injiniya:
Ki hana shi, Malama, da gaske nake. Allon asbestos in yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Gogewa, hudawa da fasawa su ke sakin ƙurar da ke shiga huhu ta zauna, ta jawo ciwon daji da ciwon huhu, kuma yawanci ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20, 30 ko fiye. Shi ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Wanda bai fashe ba a shafa masa fenti a hankali ba tare da gogewa ba. Wanda ya fashe a nemi wanda ya san aikin, a jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum ba a kakkarya ba, a naɗe a leda, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ban da shara da tsintsiya. Takunkumin yadi ba ya tare wannan ƙurar.

Tsohon Magini:
Tun da an zo maganar lafiya, masu son yin ƙaramin gyara da hannunsu su sa safar hannu da tabarau. Ɗanyen siminti yana cin fata, ba ka ji sai bayan ya gama. In ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti.

Dattijo:
Ni tambayata a kan ginin ƙasa ce. An yi masa shafen siminti, yanzu yana ɓallewa falle-falle, ƙasar bayan kuma a jiƙe.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, wannan sananniyar matsala ce a duk inda ake da ginin ƙasa ko tsohon ginin da aka yi da laim, wato farar ƙasa ta gini. Irin simintin da muke amfani da shi sai a 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila, kafin nan da ƙasa da laim da jifsam ake shafe, kuma su suna barin laima ta fita. Siminti yana da tauri, ba ya bin motsin ƙasa, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Abin da ya fi dacewa da bangon ƙasa shi ne yaɓen ƙasa irin tasa ko shafen laim, ana sabuntawa, tare da rufi mai baki da zai kare bangon da kuma gindi da ruwa ba ya kwanciya. A sauke simintin da ya saki a hankali, a bar ƙasar ta bushe kafin a mayar da komai.

Uwar Gida:
Malam mai fenti, bayan an gama shafen sai yaushe za a yi fenti? Bara washegari aka yi.

Mai Fenti:
Hajiya, a ba shi mako huɗu aƙalla, wato kwana 28 ɗin nan da siminti ke ɗauka ya kai ƙarfinsa. In wurin ba ya samun iska, fiye da haka. Sabon shafe yana da ruwa a ciki kuma yana da kaifin da ke cin fenti ya ɓata launi. In kina shakka, ki manna ɗan yankin leda a bangon da salatif ta kowane gefe ya kwana. In da safe kin ga gumi a cikin ledar ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba. In ya bushe a fara da share fage na sabon siminti, sannan fentin ruwa. Kar a sa fentin mai mai sheƙi a wannan bangon, yana kulle laima.

Sabon Maigida:
Malam, ni kuma duk inda aka yi min faci sai layinsa ya fito bayan fenti. Yaya ake ɓoye shi?

Mai Fenti:
Abu biyu ke nuna shi: tudu a mahaɗa, da bambancin fuska, don sabo ya fi tsoho kaushi da shan fenti. Magini ya goge mahaɗar da jiƙaƙƙen soso tun shafen yana ɗanye har ta haɗe da tsohuwar. Bayan ya bushe a kankare ɓarɓashi, a shafa fotin bango, wato kwaɓin da ake sumulce bango da shi, siriri ya haye mahaɗar da kamar taƙi ɗaya kowane gefe, a goge da samfefa mai laushi. Ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocila a kwance a jikin bango, duk tudu da kwari za su fito, ka gyara kafin fenti. Facin a ba shi share fage shi kaɗai tukuna, sannan a yi wa bangon fenti gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ba iya wurin da aka gyara ba.